Tagar Ɗakin Kati

Gidan Ɗorawa, ta Minjibir
Farkon damina

Zuwa ga ƙanwata Halimatu Sadiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya kamar yadda muke a nan. Innarki Rahmatu ta ji sauƙin ƙafar, har ta koma daka da kanta, an hana ta ƙi. Baba Zubairu lafiya lau, tun da aka yi ruwan shuka ba a ganinsa sai magariba. Ni ma lafiya, sai dai jikin ya fara nauyi, kin dai gane.

Ga takarda ta hannun Mati direba. Na gaji da kiranki a waya ina ta ihu kina "na'am? na'am?" har maƙwabta su leƙo su ga ko faɗa nake. Saƙon waya kuwa, wannan tawa mai fasasshen gilashi layi biyu take nunawa ta haɗiye saura. To mu koma irin na da. Mati kusan kullum sai ya shiga Kano, ya ce ajiye takarda wurin maigadin makarantarku ba komai ba ne.

Garin nan gaba ɗaya an gama yanke cewa likita za ki zama. Jiya a gidan suna wata tsohuwa ta riƙe hannuna ta ce in gaya miki ta ajiye ciwon bayanta sai kin dawo. Na ce ba allura kike koyo ba, aikin adana bayanan marasa lafiya ne. Ta ce, "To bayanin nawa ai shi ne bayan." Aka yi ta dariya. Gaskiya ni kaina da nake koyar da 'yan firamare ban iya fayyace musu ba. Ki rubuto min dalla-dalla abin da ake koya muku, in samu na faɗa.

Sai maganar da ta sa na ɗauki biro. Sadiya, kin gaya wa malamanku maganar kunnenki? Na san halinki. Tun da sanƙarau ya tafi da na hagu ya bar miki rabin na dama, kin ƙware da kallon baki da gyaɗa kai, har baƙo ya wuni da ke bai gane ba. A gida wannan ya wadatar. A makaranta ban sani ba.

Kin tuna ranar da na je roƙon Baba, mahaifinki, ya bar ki ki tafi. Ya ce min, "Amsa, kakarki da mahaifina 'ya'yan wa da ƙani ne, shi ya sa nake sauraronki. Amma yarinyar da ba ta jin hon ɗin mota, me za ta je nema a Kano?" Na ce masa in wani abu ya same ki, ni ya tuhuma. Ban yi nadamar faɗar haka ba. Ina so dai in riƙa sanin gaskiyar halin da kike ciki, mai daɗi da marar daɗi.

Ga ƙuli-ƙuli da yajin daddawa daga Inna. Ki kula da tsallaka titi.

Yayarki,
Amsa

*

Kano
Tsakiyar damina

Zuwa ga Yaya Amsa,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki da saƙon Inna, Allah ya saka da alheri. Ina lafiya, sai zazzaɓi da ya ɗan taɓa ni ya sake. Allah ya raba ku lafiya, ki rage ɗaukar ruwa. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa, jarrabawa ce ta sa mu a gaba.

Ki gaya wa tsohuwar nan ta kai bayanta asibiti, kada ta jira ni. Aikinmu shi ne wannan: idan kin je asibiti, kafin ki ga likita akwai tagar da ake yankar kati. To mu ne a bayan tagar. Mu muke ba mutum lamba, mu buɗe masa fayil, mu shigar da shi kwamfuta, yadda ko bayan shekara biyar ya dawo likita zai ga abin da ya taɓa damunsa da maganin da aka ba shi da wanda jikinsa ba ya so. Kowace cuta a duniya tana da lambarta, Yaya, har harbin kunama. Muna haddace su kamar karatun allo. A ƙarshen wata mu ne muke haɗa alƙaluma a san yara nawa suka zo da ƙyanda daga wace unguwa, don a kai rigakafi can. Kuma an ja mana kunne tun ranar farko cewa sirrin marar lafiya amana ne, ko mahaifiyarka ba ka gaya wa.

Kwamfuta ta karɓe ni. Ranar farko ina ta neman harafi ɗaya kamar mai tsintar tsaba. Yanzu ina cikin masu sauri a ajinmu. Ita ba ta magana ƙasa-ƙasa, ba ta juya min baya, abin da za ta faɗa a rubuce yake. Da ita ba ni da matsala ko kaɗan.

Maganar kunne kuwa, ban faɗa ba, kuma don Allah kada ki matsa min. Ina riga kowa zuwa aji in kama bencin gaba ta ɓangaren da kunnen dama zai fuskanci malami. Idan ya juya yana rubutu a allo yana magana, wannan ya wuce ni, sai in ari littafin Ramlat, abokiyar ɗakina, in kwafa. Ita tana zaton ba ni da saurin rubutu ne. 'Yan ajinmu wasu suna cewa ina da girman kai, wai ana gaishe ni ta baya ba na amsawa. Na gwammace a ce min mai girman kai.

Yaya, ke ba ki san daɗin da nake ji ba. A Gidan Ɗorawa ko yaro aka aika gidanmu sai a ce "gidan su kurmar nan". A nan Sadiya ce ni, mai saurin kwamfuta. Shekara tara rabona da zama mutum kawai. Ki bar ni in ɗan ɗana.

Bayan jarrabawa za a tura mu asibiti aikin gwaji, da kaka. Sai an sa wa mutum hannu a can yake wucewa aji na gaba. Ki gaishe da Inna, ki ce wa Baba ina tsallaka titi tare da jama'a.

Ƙanwarki,
Halimatu Sadiya

*

Kano
Da kaka

Yaya Amsa,

Salamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Ni jikina lafiya. Mati yana jira a bakin ƙofa, ba zan tsawaita ba.

Yaya, na yi ɓarna babba a asibitin da aka tura mu. Saboda ni wata baiwar Allah ta wuni tana kuka. Malama Furera, shugabar ɗakin kati, ta ce in tattara kayana in bar wurin, kada ta sake ganina a nan. A gaban kowa ta faɗa. Ban ci komai ba tun jiya. Kin yi gaskiya, ni ce ban ji ba. Ban san da wane ido zan dubi Baba ba.

Ki yi min addu'a.

Sadiya

*

Gidan Ɗorawa

Ƙanwata Sadiya,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya, ana ta yankan gero. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na karanta takardarki a tsaye. Ki ci abinci, don girman Allah. Kora daga makaranta ba mutuwa ba ce.

Na kira wayarki ba adadi, ba ki ɗauka ba, na tura saƙo shiru. Sai na kasa zama da maganar ni kaɗai. Ni na tsaya miki, ni ya kamata in kai labarin kafin ya ji a bakin wani. Na sami Baba a gona yana ɗaurin dami. Na ce masa an sallame ki saboda wani kuskure, kuma ina kyautata zaton kunnen ne. Na sunkuyar da kai ina jiran ya ce ai ya faɗa.

Bai faɗa ba, Sadiya. Ya ajiye igiyar hannunsa ya ce, "Sun san ba ta ji?" Na ce ba su sani ba. Ya kalli geron da ke zube. Sai ya ce, "To ba su yi mata shari'a ba tukuna. Ba a yanke wa mutum hukunci da rabin magana."

Ya ce gobe da asuba zai bi Mati. Na ce ya bari a gama kwashe amfanin, ga hadari yana ta haɗuwa, in ruwa ya sauka a kan geron da ke ƙasa an yi asara. Ya ce gero ya jira. Mutumin da rabonsa da Kano tun rasuwar wansa! Yanzu haka Inna tana wanke masa babbar rigarsa ta Juma'a.

Da jikina zai bari da tare za mu zo. Wannan takarda a mota ɗaya za su iso da shi. Ki kwantar da hankalinki, kina da masu tsaya miki.

Yayarki,
Amsa

*

Kano

Zuwa ga Yaya Amsa,

Salamu alaikum. Ina fata kina lafiya. Ni ma lafiya.

Wa ya ce miki an kore ni daga makaranta? Ki ɗauko takardata ki sake karantawa. Daga taga aka cire ni. Malama Furera ta ce in bar tagar, ta mayar da ni ɗakin baya inda ake jera fayil. Ko makaranta ba a kai maganar ba. Wayata kuwa tana ƙasan jaka, ba ni da zuciyar duba ta. Kwana biyu kawai da kin jira!

Bari in gaya miki abin da ya faru, tun da yanzu ba sauran abin ɓoyewa. Ranar an ɗauke wuta, janareta yana ruri a bayan ɗakin, layi har waje. Wata mata ta zo karɓar sakamakon gwajin jini, ta ce katinta ya ɓata. In kati ya ɓata da suna muke nema a kwamfuta. Tana sanye da niƙabi, ban ga bakinta ba. Ta faɗi suna, ban ji ba. Ta sake, na ji rabi. Na ji kunyar tambaya ta uku, mutane suna ta tsaki. Na buga abin da nake zato, suna ya fito, shekaru sun yi kusa, na tura ta wurin likita da lambar wata. Ba zan faɗi sunayen ba, ba kuma zan faɗi cutar ba. Ki dai sani likita ya karanta mata sakamakon da ba nata ba, irin wanda ke raba aure. Ta fita ta kira mijinta ta gaya masa. Sai da la'asar mai lambar ta gaskiya ta zo da katinta, aka gane, aka nemo waccan a waya. Nata sakamakon lafiya lau ne. Na gan ta da ta dawo, idanunta sun kumbura, mijin yana tsaye nesa da ita.

Wannan shi ne laifina, kuma na shirya ɗaukarsa ni kaɗai. Sai ga Baba.

Bai tsaya asibiti ba, makaranta Mati ya kai shi, ranar kuma duk muna can don ganawa da malamai. Ina fitowa daga aji na hango babbar riga a ƙofar ofishin shugaban sashe. Ya ƙi zama, ya ƙi shiga ciki sosai, yana tsaye a bakin ƙofa yana magana da ƙarfi irin ta gona. 'Yan ajinmu sun cika barandar. Ni ban ji muryarsa ba, amma ta gefe na ga bakinsa, kuma kalmar nan ko a mafarki na san siffarta. Kurma. Sai na ga kawuna suna juyowa ɗaya bayan ɗaya. Ramlat ta rufe baki da hannu.

Shugaban bai ma san da wani kuskure ba, a bakin Baba ya fara ji. Yanzu an kira Malama Furera, an ce za a zauna a kaina.

Da Baba ya fito ya nufo ni, Yaya, juyawa na yi na shige ɗakin kwananmu na rufe ƙofa. Ban gaishe shi ba. Ban ba shi ruwa ba. Ramlat ta ce ya daɗe a gindin bishiyar darbejiya kafin Mati ya tafi da shi.

Abu ɗaya na roƙe ki a duniya, ki bar ni in zama mutum kawai a wuri ɗaya. Kada ki aiko da komai ta hannun Mati, ba zan karɓa ba.

Halimatu Sadiya

*

Ɗambatta
Bayan kaka

Zuwa ga ƙanwata Halimatu Sadiya,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya. Kin ce kada in aiko, na bi maganarki har Mati ya daina tambayata ko akwai saƙo. Yau na karya, don akwai labarin da bai kamata ki ji a bakin wani ba. Na sauka, an samu mace, an sa mata Aisha Humaira. Haihuwar ta zo da gardama, sai da aka ƙara min jini, shi ya sa iyayena suka ɗauko ni daga gidan aurena zuwa nan Ɗambatta in yi wanka a gabansu. Yanzu alhamdu lillahi ina tashi da kaina. Yarinyar tana da dogayen yatsu, kakarta ta ce ta masu kwamfuta ce.

Na sake karanta takardarki kamar yadda kika ce. Gaskiyarki, babu inda kika ce makaranta. Tsoro ne ya karanta min ita. Na yi gaggawa, na jawo miki tonon asiri a gaban abokan karatunki. Ki yafe min. Ba zan ce don alheri na yi ba, kin riga kin sani, kuma sanin bai rage miki zafi ba.

Amma akwai abin da ba ki gani ba, don ta gefe kika hango bakin Baba. Mati yana tsaye a bayansa, shi ya ba ni labari. Baba ya ce wa shugaban naku, "Malam, ni manomi ne, ban san aikinku ba. Na zo ne a kan Halimatu. Kurma ce, ciwo ne ya mayar da ita haka, ba wauta ba. In ta yi ɓarna ku hukunta ta a kan ɓarnar. Amma ku sani duk abin da ta koya a nan da rabin kunne ta koye shi. Ku ba ta wurin da za ta ga bakin mai magana, ku gani."

Sadiya, kin lura? Halimatu ya ce. Ke 'yar fari ce, tun da aka haife ki Baba bai taɓa kama sunanki ba, "yarinyar nan" ce ke a bakinsa, in zai yi miki magana ma gefe yake kallo saboda kunya irin ta mutanen da. Mati ya ce sau uku Baba ya faɗi sunan a gaban baƙi.

Ruwan da nake tsoro ya sauka ranar da ya tafi. Geron gonar fadama da ke zube ya jiƙe, wani ya yi baƙi. An tsira da mafi yawa. Bai ce komai a kai ba, haka bai ce komai a kan ƙofar da kika rufe ba. Inna ce ta gaya min da ya dawo ya ce mata makarantar tana da tsabta, kuma ya ga kin yi ƙiba kaɗan. Shi ke nan abin da ya faɗa. Amma ya rage zama a dandali.

Ban san yadda zaman da aka yi a kanki ya ƙare ba. Ko me aka yanke, ina so in ji daga gare ki. In kuma har yanzu fushi kike da ni, ki yi, ina da haƙurin jira. Shi dai tsohon nan kada ki bar shi da wannan.

Yayarki,
Amsa

*

Kano

Zuwa ga Yaya Amsa,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Barka da arziki, barka da sauka lafiya. Allah ya raya Aisha Humaira, ya ƙara miki lafiya. Da na karanta maganar ƙarin jini sai na ajiye takardar na yi salati. Kina can tsakanin rai da mutuwa ni ina nan ina riƙon fushi. Na yafe, Yaya, ni ma ki yafe min. Ga 'yar riga da hula na saya wa ɗiyata, in sun yi mata yawa za ta girma ta same su.

Ga yadda aka ƙare. An zauna, shugaban sashe da Malama Furera da ni. Malama ba ta sassauta ba. Ta ce, "Rashin ji ba laifinki ba ne. Laifinki shi ne kin yi zato a kan sunan mutum. A aikin nan ba a zato." Aka yanke sai na maimaita aikin gwajin tun daga farko, 'yan ajinmu suna hutu ni ina asibiti. Aka kuma tura ni sashen kunne, sun auna ni, sun ce na dama zai amfana da na'urar da ake maƙalawa, an sa sunana a cikin masu jira.

Na roƙi Malama ta haɗa ni da matar nan. Ta tambaye ta, ta yarda, muka haɗu a ofis. Na durƙusa na ba ta haƙuri, na gaya mata dalili. Ta ɗage niƙabinta don in ga bakinta. Ta ce, "Na yafe miki don Allah. Amma abin da mijina ya faɗa min a waya ranar, kafin a gane kuskure ne, ba ki da maganinsa. Na riga na ji." Wannan zan tafi da shi duk inda na yi aiki.

Na zaci a ɗakin baya zan ƙare. Sai Malama ta ce ba za ta sa min hannu ba sai na koma taga, don babu asibitin da zai ɗauke ni ya ɓoye. Ta sa aka matsar da kujerata nesa da janareta. Ta ce sauran ya rage nawa.

Ranar da na koma, mutum na farko wani dattijo ne da sanda. Sai na daure na ce, "Baba, ba na ji sosai. Ka dube ni, ka faɗi sunanka a hankali." Yaya, ban taɓa faɗar wannan da bakina ga baƙo ba. Ya matso da fuskarsa ya ce, "To 'yata, ni kuma ba na gani sosai, sai mu taimaki juna." Mutanen layi suka yi dariya, ni ma na yi. Yanzu kowa haka nake ce masa. In mai niƙabi ce in kira ta ta ƙofar gefe ta ɗage. Kowane suna sai na maimaita, in tambayi unguwa da sunan uba kafin in taɓa kwamfuta. Layina ya fi na kowa tafiyar hawainiya, wasu suna tsaki, wani ma ya ce a kawo mai kunne. Na ji zafi, amma ban mutu ba. Ranar Alhamis Malama ta sa min hannu. Ramlat kuwa yanzu in malami ya juya wa aji baya sai ta ce, "Malam, a juyo, Sadiya ba ta ganin bakinka."

Ranar Asabar na bi Mati zuwa gida. Na sami Baba a bakin rumbu shi kaɗai yana gyaran jinka. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa yana kallon gefe kamar kullum. Na ba shi haƙuri a kan ƙofar da na rufe. Na ga gemunsa yana motsi, na san magana yake, amma ban samu ko kalma ɗaya ba. A da sai in ce "to" in tashi. Shekara tara haka muke yi da shi, yana magana ina cewa "to", daga baya in tambayi Inna me ya ce.

Wannan karon na ce, "Baba, ba na jin ka. In ba ka dube ni ba, ba na jin ka. Tun da na yi ciwo ban ji maganarka ba."

Ya tsaya cak da igiya a hannu. Ashe bai sani ba, Yaya. Yana zaton in ya ɗaga murya ya isa. Sannan ya sauko, ya jawo turmi ya kifa ya zauna a gabana, ya ɗago fuskarsa. Kunya ta kama shi kamar yaro, idonsa yana gudu yana dawowa. Ban san yana da tabo a gefen leɓe ba sai ranar.

Ya ce, a hankali, yana buɗe baki fiye da kima, "Cewa na yi, kin ci abinci?"

Na ce ban ci ba. Ya ce to in ci, in dawo in ba shi labarin aikin nan tun daga farko, don an tambaye shi a masallaci ya kasa bayani. Muka zauna a wurin har aka kira la'asar. Na yi masa bayanin lamba da fayil da kwamfuta, yana tambaya ina amsawa. Da na ce har harbin kunama yana da lamba, ya ce to harbin jaki fa? Na ce akwai. Ya yi dariya har da tari. Inna tana leƙowa daga madafa tana komawa, ta rasa abin da ya same mu.

Ki shafa min kan Humaira. Ki gaishe da iyayenki, su Hajiya da Alhaji, Allah ya saka musu da alheri.

Ƙanwarki,
Halimatu Sadiya